Hyrox: ihun jama'a kake saya da kuɗin tikitin nan, kuma yana aiki, amma fa da sharaɗi

Tambayar da aka fi yi min tunda na fara surutun Hyrox ɗin nan ita ce, wai mutum da hankalinsa me zai sa ya cire kuɗi, kuɗin ma ba kaɗan ba, don kawai a bar shi ya yi gudu ya tura ƙarfe ya jefa ƙwallo sama, alhali duk abubuwan nan suna nan zube a jim ɗin da yake biya duk wata. Masu tambayar suna da gaskiyarsu. In kayan aiki ka zo gani babu wani abin mamaki a zauren, injin da ka sani ne, ƙarfen da ka sani ne. Hajar da suke sayarwa mutane ce, ɗaruruwan da ke haki a gefenka, da waɗanda suka jingina da shinge suna ta ihu har murya ta dishe, da kiɗan da kake ji a ƙirji, da agogon da in ya fara tafiya ba ya tsayawa don ka sha ruwa. Ni dai a wajena hajar ta yi, huɗu cikin biyar na ba ta, amma tana da wani sharri da bidiyon talla ba ya nuna maka, zan zo kansa.

Ga wanda bai san abin ba, gasa ce ta ƙarfi da juriya da ake yi a cikin manya-manyan zaurukan baje koli, an faro ta a Hamburg ta ƙasar Jamus a 2017. Mutum biyu ne suka kafa, Christian Toetzke wanda dama shirya manyan tsere ne aikinsa, da Moritz Fürste ɗan wasan hoki da ya ci zinare a Olamfik na 2008 da na 2012. Tsarin guda ɗaya ne duk inda ka je a duniya. Gudun kilomita 1, sai aiki ɗaya, sai wani kilomita 1, sai wani aikin, haka har sau 8. Aikin farko mita 1000 a SkiErg, injin nan da kake tsaye kana jan igiyoyi biyu daga sama zuwa ƙasa. Na biyu ka tura wani ƙarfe marar taya da aka loda wa nauyi a kan kafet mita 50, na uku ka jawo shi da igiya mita 50. Na huɗu shi ne wanda kowa ke tsine wa, faɗi-tashi da tsalle mita 80, ka kwanta ƙirji ya taɓa ƙasa ka miƙe ka daka tsalle gaba da ƙafa biyu ka sake kwanciya. Sai tuƙi mita 1000 a injin kwale-kwale, sai ka ɗauki dunƙulen ƙarfe biyu masu mariƙi ɗaya a kowane hannu ka yi mita 200, sai tafiyar durƙuso mita 100 da buhun yashi a kafaɗa gwiwa na taɓa ƙasa duk taku, sannan a rufe da jifan ƙwallo mai nauyi sau 100, ka tsuguna ka taso ka jefa ta ta daki wani faifai da ke sama.

A rukunin Open, wato na kowa da kowa, maza suna tura kilo 152 har da nauyin ƙarfen kansa, su ja 103, mata su tura 102 su ja 78. A Pro kuwa, rukunin ƙwararru, maza 202 suke turawa su ja 153, matan Pro su ɗauki nauyin mazan Open. Akwai na mutum biyu, akwai na mutum huɗu. Gwanayen cikinsu, maza da mata, ƙasa da awa ɗaya suke gamawa, mu sauran bayin Allah kuwa wajen awa ɗaya da rabi ne, wasu har biyu da wani abu, kuma babu wanda zai zo ya ce maka lokaci ya ƙare fita.

Ba a sakin kowa lokaci ɗaya. Kashi-kashi ake yi, duk bayan 'yan mintuna a saki wasu, tun safe har yamma. Za a ba ka 'yar na'ura ka ɗaura a idon sawu ita ke lissafa maka lokaci, sannan a tara ku a wani ɗan lungun tashi mai fitilu da kiɗa, ga allo yana ƙirga sakanni suna komawa baya, kowa na ɗan tsalle-tsalle a wuri ɗaya yana satar kallon ƙafar na kusa da shi. Wallahi duk wanda ya ce maka gabansa bai faɗi a wurin nan ba faɗa kawai yake. Kafin ka ɗaga ƙafa zuciya ta riga ta tashi, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Jiki ne ya saki adarenalin, ya ƙara bugun zuciya, ya buɗe hanyoyin numfashi, hanta ta zuba suga a jini, zafin ciwo ma ya ragu. Shi ya sa kilomitar farko za ka ji kamar ba kai ba ne, ƙafa ba nauyi, numfashi lafiya lau, ka duba agogo ka ga lokacin da ba ka taɓa yi a tirenin ba kuma ba ka ji komai ba.

Wannan ba camfi ba ne, an daɗe da sanin sa. Tun 1898 wani mai bincike a Jami'ar Indiana ta Amurka, Norman Triplett, ya duba bayanan tseren keke ya ga masu tsere sun fi sauri idan akwai wani a gabansu ko a gefensu fiye da idan su kaɗai ne da agogo. Sai ya tara yara 40 ya sa su naɗe zaren fatsa, wani lokacin kowa shi kaɗai wani lokacin biyu-biyu suna gasa. Abin da mutane ke mantawa in suna ba da labarin nan shi ne sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Yara 20 sun ƙara sauri, 10 babu wani bambanci, 10 kuwa gasar ce ta rikita su suka koma baya, zumuɗi ya yi musu yawa hannu ya daina bin umarni. To irin yaran nan kashi uku duka za ka gan su a zauren Hyrox, manya ne kawai yanzu da gajeren wando.

Shekaru da yawa bayan haka, a 1965, wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Zajonc, ya kawo bayanin da ni dai ya fi gamsar da ni. Ya ce idon mutane yana tayar da jiki ne kawai, shi kuma jikin da ya tashi abin da ya fi sabawa da shi yake fitarwa. In aikin mai sauƙi ne ko ka maimaita shi har ya zama jiki, 'yan kallo za su ƙara maka. In aikin sabo ne ko mai sarƙaƙiya, su ne za su lalata maka shi. Mutumin nan har da kyankyasai ya gwada wannan magana a 1969, kai masu bincike ma dai. Kuma a nan ne na sara wa waɗanda suka tsara Hyrox, ko da gangan suka yi ko dace ne. Duba ayyukan nan 8 da kyau, babu ko ɗaya mai buƙatar wata gwaninta ta musamman. Babu tafiya da hannu ƙafa a sama, babu fizgo ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai a bugu ɗaya, babu hawa zobe. Turawa ce da ja da ɗauka da tsuguno, abin da jikin ɗan Adam ya sani tun yana yaro. Don haka ihun jama'a kusan duk inda ya same ka taimako yake yi, ba ya da wata fasaha mai laushi da zai wargaza. Kwatanta da CrossFit Games, wata gasar ƙarfi da juriya ta daban wadda aka fara a 2007 a wata gona a Aromas ta jihar Kalifoniya, inda ba ka ma san me za a ce ka yi ba sai dab da lokaci, kuma da yawa daga ayyukan fasaha ce zalla. Can idon jama'a na iya sa ƙwararre ya zubar da ƙarfen da yake ɗagawa kullum a jim. Irin su Mat Fraser da ya ci sau 5 a jere daga 2016 zuwa 2020, ko Tia-Clair Toomey da ta ci 6 a jere daga 2017 zuwa 2022, sun maimaita abubuwan nan ne har mai wuyar ya koma musu mai sauƙi, shi ya sa hayaniya ke ƙara musu. Ni da kai ba mu kai can ba, ko kusa.

Yanzu sharrin. Ƙarfin nan da ka ji a kilomitar farko bashi ne, kuma mai bashin yana tsaye yana jiranka a wurin tura ƙarfe. Jama'a ba su ƙara maka huhu ba, ba su ƙara maka tsoka ba, abin da suka yi kawai sun rage maka jin gajiya, alhali man da ke tankin yana nan yadda ka zo da shi. Sai ka ga mutum ya fito daga lungun tashi kamar an koro shi, ya shiga SkiErg yana fizgar igiya da dukan ƙarfinsa saboda na gefensa ma haka yake yi, shi ma na gefen wani yake kallo, kowa na bin kowa babu wanda ke bin tsarin da kocinsa ya rubuta masa, su isa kan kafet a ɗora musu kilo 152 cinya ta cika ta yi tauri, daga nan kilomita ta uku ta koma tafiyar ƙasa da hannu a ƙugu. Saura kilomita 5 fa da ayyuka 6. Abin da na fi gani a zauren kenan, fiye da rauni fiye da komai, mutanen da suka kashe kansu a minti 15 na farko suka ƙarasa sauran awa ɗayan suna lallaɓawa. Sannu ba ta hana zuwa, kowa ya sani, amma ka gwada tuna ta lokacin da kiɗa ke tashi mutum ashirin suna wuce ka.

Shawarar da kociyoyi ke bayarwa kuma na yarda da ita ita ce kilomitar farko ta zama wadda za ka ji kunyar jinkirinta. In ka ji kana tafiya daidai to ka yi sauri da yawa. Ka bar su su wuce, yawancinsu za ka tarar da su a faɗi-tashi sun kifa goshi a kafet.

Akwai kuma wuraren da ihu ba ya isa. Tsakiyar gasar, daga faɗi-tashi zuwa tuƙi zuwa ɗaukar ƙarfe, nan ne zumuɗi ya riga ya ƙone, ƙarshe kuma bai zo kusa ba, kiɗan ma ka daina jin sa ya koma ƙara kawai. A nan abin da ke jan ka ba taron ba ne, mutum ɗaya ne. Wani mai jar riga da kuka yi ta wuce juna tun kilomita ta biyu, ba ka san sunansa ba ba ka san ƙasarsu ba, wataƙila ma ba kashinku ɗaya ba ya riga ka tashi da minti goma, amma ranka ya riga ya yanke cewa wannan ba zai ɓace maka ba. Ya shiga tuƙi ka shiga, ya tashi ka ji dole ka tashi. A jim kai kaɗai da tuni ka zauna ka ɗauki waya. Wannan ɗin shi ne ainihin abin da ba za ka iya haɗa wa kanka a gida ba komai kyan kayan aikinka, kuma shi kaɗai ma a wajena ya biya rabin kuɗin.

Wani abin da tsarin kashi-kashin nan ya gyara, kuma ban ga ana yawan yaba masa ba, shi ne babu na ƙarshe. A tseren titi in ka yi baya kowa na gani, titi ya yi fayau motar kwashe kaya na bin ka a baya. A nan kuwa tunda ana ta sako sabbin mutane, fili kullum a cike yake, ɗan kallo ba zai iya gane wa ke gaba wa ke baya ba, wanda ya yi awa biyu da wanda ya yi awa ɗaya suna gudu kafaɗa da kafaɗa a zagaye ɗaya. Ga mai jiki, ko wanda shekaru suka ja, ko mace da ke jin nauyin a zuba mata ido, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kana samun zafin gasa ba tare da tozarcin zama na baya ba. Na ga masu furfura, na ga waɗanda daga ganinsu ka san bara ba sa iya gudun kilomita ɗaya, kuma ihun da aka yi musu ya fi wanda aka yi wa masu faffaɗan ƙirji.

In kana tsoro, shiga na mutum biyu. Ku biyun za ku yi gudun kilomita 8 ɗin tare, ayyukan ne kuke rabawa yadda kuka ga dama, ɗaya na yi ɗaya na hutawa. Abin da ke faruwa da mai raunin cikinku abin kallo ne. Wani Bajamushe, Otto Köhler, ya lura da shi tun shekarun 1920 da ya gwada 'yan ƙungiyar tuƙin kwale-kwale a Berlin, ya ga idan aka haɗa mutum biyu a aikin da ba zai ci gaba ba in ɗaya ya saki, mai raunin yana daɗewa fiye da yadda yake yi shi kaɗai, don ba ya so a ce shi ne ya kayar da su. Amma ya kuma ga abin ya fi aiki idan tazarar da ke tsakaninsu matsakaiciya ce. Don haka ɗan'uwa kar ka je ka ɗauko wanda ya ninka ka, zai ja ka a gudu har ka ga taurari, a ayyuka kuma ya yi kusan komai kai kana tsaye kana jin kanka kaya, ku fito ba kwa magana. Nemi wanda ya ɗan fi ka kaɗan. Na mutum huɗu kuwa, kowa kilomita 2 da aiki 2, daɗi ne da shi kuma ya dace da abokan aiki ko 'yan jim ɗaya, sai dai gajere ne, kafin ka shiga yanayin sosai naka ya ƙare ka koma ɗan kallo.

Sai jifan ƙwallo, tashar ƙarshe, inda suka zuba duk basirarsu ta shirya taro. Dab da layin gamawa suke ajiye ta, nan 'yan kallo suka fi taruwa, nan mai makirfo yake, nan kiɗa ya fi ƙarfi. Ka iso ƙafafu sun mutu saboda durƙuson buhun yashi, a miƙa maka ƙwallo kilo 6 in namiji ne a Open, kilo 4 in mace ce, a ce sau 100. Na farko 20 lafiya. Daga 40 kafaɗa ta fara wuta, daga 60 ƙwallon ta fara dawowa tana dukan fuska, ka ajiye ta ka dafa gwiwa, sai ka ji wasu da ba su san ka ba suna kiran lambarka ko launin rigarka suna cewa ɗauka ɗauka, kuma abin haushi sai ka ga ka ɗauka. Hutun da a jim zai kai sakan 30 a nan sakan 8 ne, don kunya ba za ta bar ka ba. Anan ne kaɗai zan ce ka saki jiki ka karɓi duk abin da taron ya ba ka, tunda babu sauran abin da kake tanadi dominsa.

Amma ko a nan ɗin ma akwai tarko. Ƙa'ida ita ce ƙugu ya sauka ƙasa da gwiwa a kowane tsuguno kuma ƙwallo ta daki faifan, in ba haka ba alƙali ba zai ƙirga ba. Mai gaggawa saboda ihu shi ne ke fara rage tsuguno, a ƙi ƙirga masa biyar a jere, ya tsaya yana musu da alƙali numfashi na ƙarewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wanda ya saba rabin tsuguno a jim nan ake gane shi.

Abubuwan da suka hana ni ba su biyar cikin biyar, yawancinsu duk wanda ke bin harkar ya san ana maganarsu. Tikiti yana da tsada kuma a manyan birane yana ƙarewa da wuri, sai ka yi rajista watanni kafin ranar, ba ka san ko gwiwarka za ta kai lokacin lafiya ba. 'Yan kallo su ma tikiti suke saya, wanda ni a ganina bai kamata ba, tunda su ne hajar, su ne ke samar da yanayin da ake tallatawa. Hotuna ma daban ake biya. Sannan maganar cewa gasar iri ɗaya ce a ko'ina, gaskiya ce a takarda, amma 'yan wasa sun daɗe suna cewa jan kafet ya bambanta daga zaure zuwa zaure, wani wurin ƙarfen na sulɓi wani wurin kamar an kafe shi, haka ma tsawon Roxzone, wato filin da kake ratsawa tsakanin hanyar gudu da wurin aiki, da yawan kwanoni a zagaye. Don haka in ka ga wani ya fi ka da minti biyu a wani gari kar ka ɗaga hankalinka, kuma in kai ne ka fi kar ka cika baki. Alƙalai da yawa masu sa kai ne, idon wani ya fi na wani tsanani, dole a samu bambanci. Hanyar gudu kuma tana cunkushewa a tsakiyar rana, masu sauri na saƙa tsakanin masu tafiya. Ƙirga zagaye ma a wuyanka yake, kilomita ɗaya na iya zama zagaye biyu ko uku ko fiye gwargwadon zauren, in ka rage ɗaya a ƙara maka mintuna, kuma ƙwaƙwalwar da ta gaji ga kiɗa ga ihu ba ta iya lissafin ɗaya biyu uku, kar ka yi dariya sai ka je.

Maganar lafiya kuma ba ta wasa ba ce. Abin da ke sa taro ya yi amfani, wato rage maka jin gargaɗin jiki, shi ne kuma haɗarinsa. Zaure rufaffe ne, dubban mutane na zufa a ciki, zafi na taruwa. Jiri, ko ganin duhu-duhu, ko ciwon ƙirji, ko ka ji sanyi na kama ka alhali kana cikin zafi, wannan ba wurin nuna jarumta ba ne, tsaya ka nemi ma'aikatan lafiya, suna nan a zauren. Wanda ke ihu a bayan shinge bai san me ke faruwa a ƙirjinka ba, shi dai ɗauka kawai ya sani. Bayan gasa kuma in tsoka ta kumbura ciwon ya wuce misali, fitsari ya koma baƙi-baƙi ko ja mai duhu, asibiti za ka nufa a ranar, alama ce tsoka ta farfashe tana zuba a jini kuma ƙoda take bugawa. Duk mai bin wasannin nan ya tuna Agustan 2024, lokacin da Lazar Đukić ɗan ƙasar Sabiya ya rasu a ruwa a ranar farko ta CrossFit Games a Fort Worth ta jihar Texas. Wata gasa ce daban kuma iyo ne, babu iyo a Hyrox, ba kuma cewa nake ihu ne ya jawo ba, amma tun daga lokacin na daina ɗaukar ƙarfin jikin mutum a matsayin tabbacin komai. In kana da hawan jini ko wata matsalar zuciya, ko ka daɗe ba ka motsa ba, ga likita kafin ka sayi tikiti.

Wa ya kamata ya biya? Wanda ya yi wata uku ko huɗu yana tirenin da gaske, musamman gudu, don fiye da rabin lokacin gasar a gudu yake tafiya, kuma gudu ne a kan ƙafar da ta riga ta gaji, wanda daban yake da gudun safe da sabuwar ƙafa. Masu ƙarfen jim da ke raina gudu su ne suka fi shan wuya, masu gudun dogon zango kuma ƙarfen turawa ne ke ba su mamaki. Amfanin ma tun kafin ranar yake farawa, tunda ka biya kuɗi ka faɗa wa mutane, ranar da ka tashi ba ka jin fita tirenin sai ka tuna akwai wata rana da aka sa, ka fita. Wanda kuma burinsa ya yi nisa akwai gasar duniya da ake zuwa da cancanta, an yi ta a Manchester a 2023, a Nice ta Faransa a 2024, a Chicago a 2025. Wanda aljihunsa bai kai ba ko babu gasar kusa da shi, CrossFit Open, gasar CrossFit da kowa ke iya shiga da ake yi tun 2011, hanya ce mai sauƙi ta ɗanɗana irin wannan yanayin, a jim ɗinku za ku yi aikin da aka sanar, wani ya tsaya ya ƙirga maka, sauran su kewaye ka suna ihu, ka tura sakamako ta intanet. Mutum goma sha biyar da suka san sunanka a ƙaramin ɗaki suna iya tayar maka da tsikar jiki kusan yadda dubu za su yi.

In ka shirya zuwa, takalmi mai riƙe kafet ya fi maka komai da za ka saya, don mai sulɓi zai sa ka yi ta gudu a wuri ɗaya ƙarfe bai motsa ba. Sannan 'yan rakiyarka, don Allah ka zaunar da su ka yi musu bayani kafin a fara. Kar su ɓata murya a kilomitar farko, ba ka buƙatar su a can, hasali ma cutar da kai za su yi. Kar kuma duk su tafi wurin jifan ƙwallo su jira, can akwai masu ihu har sun yi yawa. Ka sa ɗaya a gefen hanyar gudu aikinsa kawai ya ɗaga maka yatsu ka san zagaye na nawa kake, sauran su tsaya a faɗi-tashi da wurin buhun yashi, su riƙa kiran sunanka suna faɗa maka mita nawa ya rage.